Gidanmu na Zariya a Kan Tebur

Litinin, 7 ga Yuli, bayan Azahar

Yau na gama ɗora rufin zaure, kuma yau langa ɗaya ta ɓata.

Bari in rubuta komai daga tushe, tunda ba ni da wanda zan gaya wa in ba wannan littafin ba. Wata biyu ke nan ina gina gidanmu na cikin birnin Zariya a kan tebur, a nan Kurudu ta Abuja, a ɗakin da Inna take kwance. Faɗinsa bai wuce tiren shayi biyu ba. Bangon na kwali ne na shafe shi da yumɓu, azarar kuma tsinken tsintsiyar kwakwa. Shekara ashirin da bakwai na yi ina koya wa ’yan firamare aikin hannu kafin in yi ritaya, ashe duk wannan nake yi wa shiri. Ba gidan yadda ya koma daga baya nake yi ba, da kwanonsa mai tsatsa. Na shekarar 1979 nake yi, lokacin ina da shekara bakwai, Baba yana raye, soron Inna da zankayensa huɗu, rijiya ba ta ƙafe ba.

Likita ya ce mai shanyewar ɓarin jiki tana son abin da zai riƙa tuna mata da da. Wannan shi ne dalilin da nake ba kowa.

Ga wanda ba na ba kowa: an sayar da gidan na gaske tun watan Afrilu. Yaya Badaruddeen ya sa hannu, ni ma na sa. Inna ba ta sani ba, kuma in dai ina numfashi ba za ta sani ba. Kusan shekara sittin ta yi a gidan can. Kalma uku ce ta rage mata a baki tun da ta faɗi, “to” da “a’a” da “Allah”, kuma ba na so in ji wacce za ta zaɓar mini.

Langar da murfin kwalbar lemo na yi ta, na shafa farin fenti, na zana mata fure da jan-farce. Goma sha biyu na jera a ɗan ɗakin Inna na kwali, kamar yadda jerenta yake a da. Yanzu sha ɗaya ne. Na leƙa ƙarƙashin gado, na kakkaɓe tabarma, babu. Mu uku ne kawai a gidan nan: ni, da Inna wadda ko cokali sai an riƙe mata, da Christiana mai kula da ita da rana.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Na tambayi Christiana. Ta ce, “Anti, ni ban gan shi ba. Maybe ɓera ya ɗauka.”

Ɓera mai son fure ke nan.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan La’asar

Gaskiya ɗaya ce, Christiana ta iya aikinta. Bagwariya ce daga Kuje, kullum sai ta hau mota biyu kafin ta iso, amma bakwai da rabi tana bakin ƙofa. Tana juya Inna kamar jaririya, tana yi mata waƙar yarensu, Inna tana lumshe ido. Ita ce ma take kawo mini yumɓu daga wurin gwaggonta mai ginin tukwane. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Yaya ne ya samo ta. Kuma na lura ita yake kira ya tambayi jikin Inna, ba ni ba. Me suke cewa? In wayar ta shigo sai ta fita bakin famfo.

Yau na yi turmi da taɓarya da guntun icen gwaiba, na yi murhu da tsakuwa uku, na ƙona su da ashana don su yi baƙi. Randar da ƙwallon giginya na so in yi, ya yi girma, na koma yumɓu. Na nuna wa Inna, na ce, “Inna, kin tuna randar da Yaya ya fasa ya ce akuya ce?” Ta kalli randar, ta kalle ni, ba ta ce komai ba. Da can ko “to” takan ce.

Juma’a, 11 ga Yuli, da safe

Langa goma. Faifai ɗaya babu.

Asabar, 12 ga Yuli, kafin Magariba

Halimat matar Yaya ta zo duba Inna, da lemo da kankana da bakin nan nata da ba shi da murfi. Tana ganin gidan ta dafe ƙirji ta ce, “Ikon Allah! Juwairiyya, kamar yana nan!”

Kamar yana nan. A gaban Inna.

Na yi tarin da ya kusa fitar mini da rai, na ce ta zo ta ga labulen da na ɗinka. A falo na ce mata in ba ta iya riƙe harshenta ba ta riƙa aiko da kankanar kawai. Ta ce ai Inna ba ta fahimtar komai yanzu. Haka su duka suke cewa, don shi ya fi musu sauƙi. Na koma ɗaki na tarar Inna ta rufe ido, Christiana tana yanke mata farce, kanta a ƙasa. Ta ji duk abin da aka ce, na tabbata, amma fuskarta kamar an shafe allo.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Azahar

Yau na kafa ƙyauren ɗakin Inna. Kore ne, irin koren nan da ya koɗe. Ban sha wahalar haɗa launin ba, don ba fenti na shafa ba. Katakon da ma haka yake. Na yanka shi daidai tsawon yatsana, na yi masa ’yar sakata da allurar da ta karye, yana buɗewa yana rufewa har da ƙara.

Ba zan rubuta inda na samo katakon ba.

Da na ɗaga kai sai na ga idon Inna a kansa. Ta daɗe tana kallo. Na ce, “Ya yi kama, ko?” Ta ce, “Allah.” Na ji daɗi har na ƙara mata sukari a kunu.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Langa bakwai. Kwalla biyu babu, adudun da na saƙa da zaren buhu babu, tasoshi uku babu. Wannan ya wuce ɓera.

Jiya na zauna na yi tunani kamar alƙali. Me mutum zai yi da murfin kwalba? Ko dai tana kai wa ’yarta Prudence ta yi wasan ’yar tsana, to wannan da sauƙi, da ta roƙa da na yi mata sabo. Ko kuma Yaya ne ya sa ta, don tun farko ya ce in daina wannan wasan yara kada in tono abin da aka binne. Na uku kuma ba na son rubuta shi, amma ya zo mini: kayan ɗakin mara lafiya, a ɗauke ɗaya bayan ɗaya a kai wani wuri, a yi wani abu da su. A’uzubillahi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na sani, ni na koya wa yara wannan. Duk da haka yau ban ci wainar da ta kawo mini ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La’asar

Na kira Yaya. Yana shagonsa, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

Na ce, “Yaya, me kake cewa da yarinyar nan kullum?”

Ya ce, “Jikin Inna nake tambaya. Ke in na kira ki sai ki riƙa amsa mini kamar na ci miki amana.”

Na ce, “Ka gaya mata zancen gidan?”

Ya ce, “Juwairiyya, ni mahaukaci ne? Ke dai ki binciki kanki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.”

Na kashe wayar. Wai ni zai yi wa karin magana. Shi ya kawo mai saye, shi ya ce katangar baya ta faɗi, damina ɗaya ta rage soron ya rufta, babu mai zama a ciki. Duk gaskiya ne, ban ce ƙarya ya yi ba. Amma ba shi ne ya yi abin da aka yi a asibiti ranar Larabar can ba. Shi a bakin ƙofa ya tsaya yana duba ko nas na zuwa.

Juma’a, 18 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. Inna ta ƙi karɓar koko daga hannuna, ta karɓa daga hannun Christiana.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Christiana ba ta zuwa ranar Lahadi, tana coci. Na samu sarari na gama gadon ƙarfe. Kwana tara na yi a kansa. Da wayar rataye kaya na lanƙwasa shi, mai rumfa, na sa masa duwatsun ado guda huɗu a kan ƙafafun sama a madadin ƙwallayen tagulla, na ɗinka katifa da ’yan matasai biyu da farin zanen gado mai aikin tsuntsu. A kan wannan gadon aka haife mu duka. Kakanmu na wajen uwa ne ya saya mata shi a Kano aka kawo shi a jirgin ƙasa, labarin da muka ji ya fi sau ɗari.

A ɗakin Baba kuma na ajiye rediyonsa na kwalin ashana, da buzu, da buta, da akwatin littattafai. Na ja baya na duba gidan gaba ɗaya, sai na ji ƙamshin daddawa da hayaƙi, alhali babu abin da ke kan wuta. Na yi kuka kaɗan a banɗaki don kada Inna ta gani.

Kafin in kwanta zan barbaɗa hoda a tsakar gidan na kan tebur, siririya yadda ido ba zai kama ba. Rana dubu ta ɓarawo.

Litinin, 21 ga Yuli, kafin Magariba

Na ce zan je kasuwar Karu sayen gam, na daɗe da gangan. Da na dawo akwai shatin yatsu a kan hodar, daga bakin zaure har ƙofar ɗakin Inna. An ja hannu a ƙasa, kamar mai rarrafe. Saura langa huɗu.

Na kalli hannun Christiana tana wanke kwanuka. Ba shakka ta wanke shaidar.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Abin da ya fi kayan damuna shi ne Inna. Ta daina kallona. In na shigo sai ta mai da ido kan silin, in Christiana ta shigo sai fuskar ta saki. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ya gaya mata wani abu, kuma wanda yake wuni da ita shi ne mai dama.

To amma nawa aka gaya mata? In sayarwar ce kawai, zan iya cewa Yaya ne. In kuma har da ranar Laraba ce, babu inda zan ɓuya.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Inna tana da rabonta a gidan, takarda ba ta cika sai da yatsanta. Kwananta shida a asibiti, an yi mata allura tana barci. Ni na ɗaga hannun daman, wanda ya mutu. Sanyi ƙalau, ba nauyi. Ni na danna babban yatsan a tawada. Daga baya na goge shi da lemon tsami da auduga, na yi ta gogewa har nas ta shigo ta ce kai, wannan ’ya akwai kula da uwa.

Barci take yi. Na tabbata barci take yi.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan Azahar

Gadon ya tafi.

Ban san lokacin da na ɗauko jakar Christiana daga bayan ƙofa na zazzage ta a tsakar falo ba. Littafin addininta, laima, man zafi, cajar waya, da curin yumɓu a leda wanda ta kawo mini ba ta kai ga ba ni ba. Shi ke nan.

Ta fito daga ɗakin Inna da tawul a kafaɗa, ta tsaya tana kallon kayanta a ƙasa.

Na ce, “Ina kika kai su?”

Ta ce, “Anti, kin buɗe jakana.”

Na ce, “Tambayarki nake yi. Wa ya aiko ki? Me kika gaya wa Inna?”

Ta durƙusa ta kwashe kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta bar yumɓun a ƙasa. Ta ce, “Wata huɗu ina wanke Mama kamar uwana. I never thief before, ko biro. Oga Badaru ya san gidanmu, ki tambaye shi.” Ta shiga ta yi wa Inna magana a hankali, ta fito ta wuce ni. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Maganin Mama na ƙarfe huɗu yana kan firij. Ki juya shi hagu bayan ya sha.”

Inna ta ce “a’a” tun daga lokacin har La’asar. Ban taɓa jin ta maimaita kalma haka ba.

Juma’a, 25 ga Yuli, da safe

Ba ta zo ba. Na ce da kaina gara haka, yanzu za a ga ko wani abu zai sake ɓata.

Juma’a ɗin dai, bayan La’asar

Na shiga kicin na dafa shinkafa, na fito. Langa huɗun da suka rage babu su.

Na zauna a bakin gado. Daga ni sai Inna a gidan, ƙofa a kulle da sakata.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Yau ni na yi mata wanka, ni na canja shimfiɗa, aikin da rabona da shi tun zuwan Christiana. Ina ɗaga katifa ta wajen bango sai ga ƙunshi. Tsohon ɗankwalinta ne mai ruwan goro, an ɗaure shi da ƙulli ɗaya sako-sako, irin ɗaurin mai hannu ɗaya. Kafin in taɓa, hannunta na hagu ya kama wuyan hannuna. Da ƙarfi, har ya bar shati. Hannun da nake cewa ko cokali ba ya riƙewa.

Na ce, “Inna, dubawa kawai zan yi.” Ta sake ni.

Duk suna ciki. Langa goma sha biyu an kifa su ɗaya cikin ɗaya, tasoshi, kwalla, faifai, adudu, da gadon an naɗe shi a cikin zanensa don kada ya lanƙwashe.

Na juya na dubi gidan a kan tebur, sai yanzu idona ya buɗe. Rediyon Baba yana nan. Buzunsa, butarsa, akwatin littattafai, duk suna nan. Turmin gida yana nan, randar da Baba ya saya tana nan. Ba a taɓa ko tsinke na kayan gida ba. Abin da ta zo da shi daga gidan iyayenta kawai ta ɗauka. Ni ’yar Zazzau ce, na san macen da ke kwashe kayan ɗakinta ta bar na maigida. Mai barin gida ce. Sati uku Inna tana tashi daga gidan nan a gabana, langa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina barbaɗa hoda.

Na mayar da ƙunshin inda yake. Ba mu kalli juna ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, kafin Magariba

Na roƙi Halimat ta zauna da Inna, na hau mota zuwa Kuje. Hanya duk caɓi. Na tarar da Christiana ta dawo daga coci tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki, ta ba ni kujera.

Na ce, “Na zo neman gafara. Na ga kayan.”

Ta ce, “Na san za ki gani.”

Na ce, “Kin sani tun farko?”

Ta ce, “Tun langa na farko. Mama ya sa yatsa a baki ya ce in yi shiru. Hannun nan ya dawo tun June, Anti. In kin fita, da kansa yake cin tuwo. In ya ji ƙafanki sai ya ajiye.”

Wannan ta fi marin fuska zafi. Na haɗiye, na tambayi abin da ya kawo ni. Na ce, “Don girman Allah, ke kika gaya mata an sayar da gidan?”

Ta ajiye gyaɗar ta dube ni. Ta ce, “An sayar? Ni ba wanda ya gaya mini. Amma na yi guessing.” Na ce ta yaya. Ta ce, “Lokacin da aka tashe su kakana daga tsohon ƙauye don a gina gari, da ya zo nan, kullum yana zaune yana yin ƙananan ɗakuna da yumɓu, da rumbu, da komai. Kafin a tashe su bai taɓa yi ba. Wa zai yi ƙaramin gida in babban yana nan? Sai dai ka hau mota ka je ka gani.”

Ta ɗauki gyaɗar ta ci gaba da ɓarewa.

Ta ce, “Kuma that green door. Ranar da kika sa shi, kina fita Mama ya ce in miƙo masa. Ya shinshina, ya juya bayan. Akwai ƙuna a bayan, ko? Ya sa yatsa a kai ya yi kuka sosai. Ni ban san meaning ba.”

Ni na sani. Fitilar ƙwai ce ta lashi ƙyauren shekarar da aka haifi autanmu, Inna ta kashe wutar da zaninta. A watan Mayu na je Zariya ban gaya wa kowa ba, na tarar ana rushewa, na tsinci ɓallin ƙyauren a cikin ƙasa na sa a jaka. Na ga ƙunar lokacin da nake yankawa, na juya ta ciki na ce ba mai gani. Ƙyauren da ke tsaye a jikin ɗaki ba ya zuwa Abuja a guntu.

Na yi ta neman wanda ya kai wa Inna labari. Na zargi Halimat, na zargi Yaya, na zazzage jakar baiwar Allah a ƙasa. Ashe ni ce na zauna kusan wata uku ina gaya mata, da gam da almakashi, a gefen gadonta.

Christiana ta ce za ta dawo ranar Laraba, saboda Mama, ba saboda ni ba. Na ce na yarda. Ta ƙulla mini gyaɗa a leda.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Na shiga ɗakin Inna da niyyar gaya mata, na fito da kofi kawai.

Talata, 29 ga Yuli, bayan La’asar

Na gaya mata.

Na zaunar da ita na jingina ta da matasai, na durƙusa a ƙasa kamar yadda muke gaishe ta muna yara. Na ce, “Inna, an sayar da gida. An rushe shi.” Na ce Yaya ya sa hannu, na sa hannu. Na so in tsaya a nan, wallahi na so. Sai na ji bakina yana ci gaba, na faɗi na asibiti, da tawadar, da lemon tsamin. Na ce, “Ni ce, Inna. Ba Yaya ba. Ki yafe mini ko kada ki yafe, amma ni ce.”

Ba ta yi mamaki ba. Ko a wajen tawadar idonta bai motsa ba, kuma ba zan taɓa sanin ko barci take yi ranar ba, don ba ni da ƙarfin tambaya.

Ta nuna tebur. Na ƙara jawo shi har jikin gado. Ta miƙa hannun hagu ta bi ta tsakar gida, ta zagaya bayan ɗakinta, wani ɗan lungu tsakanin soro da katanga wanda ban sa komai a ciki ba don ban tuna akwai komai a wurin ba. Ta dangwala yatsa a gindin bango. Bakinta ya yi ta kokawa, sannan magana ta fito, a karkace amma na ji.

“Na fari.”

Yaya ke nan. Har yau ba ta faɗin sunansa. Ta matsa kaɗan ta sake dangwalawa.

“Sale.”

Wanda ya rasu yana goye, kafin a haife ni. Ta matsa.

“Ke.”

Ta ci gaba har shida. Sai a na huɗu na gane abin da take nuna mini. Inda aka binne cibiyoyinmu ne. Kowannenmu ta san gurbinsa, a jere, kamar yadda ta san langarta. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin kwana goma, ta ce, “Saura su.”

Na ce, “Inna, an zuba kankare a wurin. Shaguna ake yi.”

Ta ce, “To.”

Sannan ta laluba bayan katifa ta jawo ƙunshinta, ta ɗora a cinya, ta dafe shi da hannun mai lafiya. Ta gyara zama ta fuskanci ƙofa, kamar mai jiran mota. Na kawo ruwa ba ta sha ba, na ce ta kwanta ta ce a’a. Ina rubutun nan daga falo ina hango ta, har yanzu haka take zaune, kuma ban san inda zan ce mata za mu ba.